Waiwaye: Na'urar farfaɗiya ba jiya ta zo ba

Tun da bidiyon yara masu farfaɗiya da aka dasa wa na'ura a ƙasashen waje suka fara yawo a WhatsApp, zancen ya ƙi ƙarewa a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru. Wasu na cewa a haɗa kuɗi a fitar da yaro, wasu na cewa kada a yi gwaji da ɗan mutum.

Abin ya daɗe. A 1987 likita Benabid a Grenoble ta Faransa ya sa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa don tsayar da karkarwa. A 1988 aka fara dasa wa mai farfaɗiya na'urar da ke tsikarar jijiyar wuya ta hagu. Amurka ta amince da ita a 1997 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, a 2017 ta sauko zuwa shekara 4. Yara masu murɗewar gaɓoɓi kuwa an ba su izinin wayar ƙwaƙwalwa tun 2003, daga shekara 7.

Abin da ake tsallakewa shi ne binciken Kwan da Brodie a Glasgow, a 2000. Cikin sababbin marasa lafiya, kashi 47 cikin 100 sun daina faɗuwa da maganin farko, kashi 13 da na biyu, daga nan sai ɗan abin da ba a rasa ba. A 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta kafa ma'auni: ba a ce farfaɗiya ta gagari magani sai an gwada magunguna biyu da suka dace da irinta, a kan adadin da ya isa, ana sha ba fashi. Domin yaron da ya cika wannan sharaɗi aka yi na'urar.

To, a nan yara nawa suka cika wannan sharaɗi? Maganin farfaɗiya Fenobabital ya yanke a kanti mako biyu. Uwa ta riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Yaro ya ƙara kilo goma, adadin maganin yana nan yadda aka rubuta tun yana ƙarami. An dakatar da sha farat ɗaya don a gwada rubutu, alhali yankewar kanta tana jawo faɗuwa mai tsawo. Sai a ce ciwo ya gagara.

Ita ma na'urar jijiyar wuyan bibiya take so. Batirinta na ƙarƙashin fatar ƙirji, yawanci tana aiki daƙiƙa 30 ta huta minti 5, likita na ƙara ƙarfinta kaɗan-kaɗan. Murya kan dishe, waya kan tsinke, wurin yanka kan yi ruwa, batir in ya ƙare sai an sake tiyata. Kusan rabin masu ita ne faɗuwarsu ke raguwa da rabi, kuma ba a daina shan magani.