Gaɓa 12: tambayoyi da amsoshi kan kod ɗin blues da yadda 'yan jazz ke hawa kansu

Idan makaɗan jazz da ba su taɓa ganin juna ba suka haɗu a dandamali ɗaya, yawanci wani ne zai ce a buga blues a F ko a Bb, a ƙirga huɗu, a tashi. Ba takarda, ba atisaye. Kowa ya san hanyar, shi ya sa mai koyon jazz yake farawa daga nan. Ga wasu tambayoyin da masu fiyano da gita da kaho kan yi a farkon koyo.

Me ake nufi da blues mai gaɓa 12?

Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gaɓa 12 ke nan bugu 48, kuma idan an kai ƙarshe sai a koma farko. Wannan shi ne zagaye ɗaya. Kod kuwa sautuka ne uku ko huɗu da ake dannawa tare. A tsohon tsarin blues kod uku kawai ake buƙata: na ɗaya, na huɗu da na biyar a cikin ki ɗin da ake ciki. Ki shi ne sautin da waƙa ta ɗauka a matsayin gida, kamar F ko Bb, kuma kod na ɗaya shi ne na gida. Waɗanda suka koyi fiyano da do-re-mi sun san su da do, fa, so. A ki ɗin F, su ne F7, Bb7 da C7, kuma ana jera su hurhuɗu kamar haka:

F7 | F7 | F7 | F7
Bb7 | Bb7 | F7 | F7
C7 | Bb7 | F7 | C7

Layi ukun nan sun taso ne daga baitin waƙar. Mawaƙi ya faɗi magana a layi na farko, ya maimaita ta a na biyu a kan wani kod daban, sannan ya warware ta a na uku. Kuma ba ya cinye gaɓa huɗun duka. Yakan yi waƙa cikin kusan gaɓa biyu, ya bar sauran ga gita ko kaho su amsa masa, kamar dai yadda zabiya ke bar wa 'yan amshi nasu gurbin. A wannan gurbin ne ƙirƙirar nan take ta samu wurin zama.

Me ya sa kowane kod yake ɗauke da lamba 7?

Saboda an ƙara masa sauti na huɗu. F mai sauƙi shi ne F, A, C. Idan ka ɗora Eb a sama ya zama F7, domin shi ne na bakwai in ka ƙirga haruffa daga F: F, G, A, B, C, D, E. Ƙaramin harafin b na nufin a sauke sautin da rabin taki, wato maɓallin da ke maƙwabtaka da shi ta hagu a fiyano.

A ƙa'idar kiɗan Turai, irin wannan kod ɗin na biyar kaɗai ake ba wa, domin yana da wani ƙaiƙayi da ke sa kunne ya nemi komawa gida. Blues ya ɗauki wannan ƙaiƙayin ya sa a kod ukun duka, har da na gida. Wato ko an dawo gida ba a zauna daram ba. Wanda ya saba da waƙoƙin coci ko na makaranta zai ji abin banbaraƙwai a karon farko, amma wannan rashin zaman shi ne ɗanɗanon blues. Cire lamba 7 ɗin ka buga jerin, za ka ji ya koma wata waƙar yara.

Daga ina tsarin ya fito? Gaskiya ne yana da alaƙa da yankinmu?

Blues ya tashi ne a tsakanin baƙaƙen fata na kudancin Amurka, musamman yankin kogin Mississippi, a ƙarshen ƙarni na 19, bayan kawo ƙarshen bauta a 1865. Ya haɗo waƙoƙin aikin gona, kiraye-kirayen ma'aikata da waƙoƙin ibada. Mawaƙan ƙauye na farko ba su damu da ƙirga 12 ba. Mutum ɗaya da gitarsa yana iya yin gaɓa 11 ko 13, ya canja kod lokacin da numfashinsa ya ba shi. John Lee Hooker ya yi suna da waƙoƙin da kod ɗaya tak ke ɗauke da su daga farko har ƙarshe. Abin da ya tsayar da 12 ɗin shi ne kiɗan taro da kuma takarda: idan mutum bakwai za su buga tare, dole su yarda da inda za a juya. W. C. Handy ya buga "Memphis Blues" a takarda a 1912, da "St. Louis Blues" a 1914, sannan faifan Mamie Smith na 1920 ya nuna wa kamfanoni cewa akwai kasuwa.

Batun alaƙa kuwa, akwai ta, amma a san inda take. Masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya kawo hujjar cewa salon muryar blues, da lanƙwasa sauti, da mawaƙi ɗaya mai raka kansa da kayan kiɗa na tsirkiya, sun fi kama da na yankin Sahel da Sudan ta tsakiya (yankin da ƙasar Hausa take, ba ƙasar Sudan ta yau ba) fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Kiɗan goge na cikin misalan da ya kawo. Duk wanda ya saurari Ali Farka Touré na Mali zai ji wannan dangantakar da kunnensa. Sai dai jerin do, fa, so ba daga goge ko garaya ya fito ba, daga kiɗan Turai ne. Blues ya zo ne daga gogayyar muryar Afirka da kod ɗin Turai, kuma har yau ba su gama sasantawa ba.

Mene ne bambancin blues ɗin 'yan jazz da wannan na sama?

Tsawon ɗaya ne, ginshiƙan ma ɗaya ne: gaɓa ta 1 gida, gaɓa ta 5 kod na huɗu. Abin da 'yan jazz suka yi, musamman daga shekarun 1940 zamanin Charlie Parker da Dizzy Gillespie, shi ne cike hanyar da ke tsakanin ginshiƙan. Ga yadda aka fi buga shi a F:

F7 | Bb7 | F7 | Cm7 F7
Bb7 | Bdim7 | F7 | D7
Gm7 | C7 | F7 D7 | Gm7 C7

Dubi wurare huɗu. A gaɓa ta 2 an leƙa Bb7 an dawo, don kada a daɗe a wuri ɗaya. A gaɓa ta 4 an sa Cm7 (harafin m na nufin maina, kod mai duhun sauti) kafin F7, su biyun suna tura kunne zuwa Bb7 na gaɓa ta 5. A gaɓa ta 6, Bdim7 kusan Bb7 ne da aka ɗaga tushensa rabin taki, sai mai bes, kayan kiɗan nan mai kaurin murya, ya samu tsani: Bb, B, C. Babban canjin yana layi na ƙarshe. Maimakon C7 zuwa Bb7 na tsohon salo, an sa Gm7 zuwa C7 zuwa F7, wato na biyu, na biyar, na ɗaya. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan mafi yawan waƙoƙin jazz, don haka wanda ya iya shi a blues ya riga ya ci rabin aikin da ke jiransa a gaba. D7 na gaɓa ta 8 kuwa aikinsa share wa Gm7 hanya. Gaɓa biyun ƙarshe su ne juyi, suna mayar da kai farko.

An ce in na iya tsanin blues na gama. Haka ne?

An ruɗe ka, ko da yake da ɗan gaskiya a ciki. Tsanin blues na F sauti shida ne: F, Ab, Bb, B, C, Eb. Kana iya yawo a cikinsu daga gaɓa ta 1 zuwa ta 12 ba tare da ka yi mummunan kuskure ba, shi ya sa malamai ke fara ba ɗalibi shi don ya samu ƙwarin gwiwa. Matsalar ita ce mai sauraro ba zai ji kod suna canjawa a kiɗanka ba. Zagaye biyu ya isa a gane cewa abu ɗaya kake ta juyawa.

Duba da kyau: A, wanda shi ne sauti na uku a F7 in an ƙirga haruffa daga F, babu shi a tsanin. D na Bb7 babu. E na C7 babu. F# na D7 (alamar # na nufin a ɗaga sautin da rabin taki) balle a yi maganarsa. Waɗannan kuwa su ne sautukan da ke faɗa wa kunne a wane kod ake. Tsanin blues yaji ne, ana barbaɗa shi. Kuma shi kansa tsanin ƙoƙari ne kawai na kama abin da murya ke yi. Sautin da mawaƙin blues ke nema yana tsakanin Ab da A ne, inda fiyano ba ta da maɓalli. Mai gita yana jan tsirkiya ya kai wurin, mai saksofon yana yi da leɓe, mai fiyano kuwa sai dai ya zame daga Ab zuwa A da sauri, ko ya danna su tare kamar yadda Thelonious Monk yake yi.

To me ya kamata in fara koya?

Sauti na uku da na bakwai na kowane kod. In da za a ce in zaɓi darasi ɗaya a cikin wannan rubutun, wannan zan ɗauka.

A F7 su ne A da Eb. A Bb7 su ne D da Ab. A C7 su ne E da Bb. Yanzu sa yatsu biyu a kan Eb da A. Sauke kowanne rabin taki: ka samu D da Ab, wato Bb7. Koma Eb da A, ka ɗaga kowanne rabin taki: E da Bb, wato C7. Kod ukun blues duka suna cikin motsin rabin taki, sama ko ƙasa. Mai fiyano yana iya raka ƙungiya gaba ɗaya da waɗannan yatsu biyun na hagu, ya bar wa mai bes tushen.

Ga mai ƙirƙira, aikin shi ne ya sauka a kan ɗayan waɗannan sautukan daidai lokacin da kod ya canja. Gwada wannan: buga gajeriyar jimla mai A a ciki a gaɓa ta 1, sannan a gaɓa ta 5 ka maimaita ta sak, amma ka mayar da A ɗin Ab. Sauti ɗaya ka canja, amma ko babu mai raka ka, za a ji ka shiga kod na huɗu. Idan ka bar A ɗin a kan Bb7 ka daɗe, zai yi karo da Ab da ke cikin kod ɗin, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi ji a wurin sababbi. Bayan wannan sai gaɓa ta 8: nemi F#, ka bar shi ya hau zuwa G a gaɓa ta 9. Wannan ɗan motsin ne ke raba mai buga blues na jazz da mai yawo a tsani.

Ina ɓacewa a tsakiyar zagaye. Yaya zan yi?

Ajiye kayan kiɗan tukuna. Kunna faifai ka ƙirga da baki: ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, har zuwa 12. "Freddie Freeloader" na Miles Davis, daga faifan 1959, ya dace da wannan domin tafiyarsa a natse take. Kada ka ƙirga har abada, manufar ita ce ka fara jin layi uku maimakon gaɓa 12. Gaɓa ta 5 ce fitilarka, ita ta fi kowace fitowa fili. In ka ɓace kana tsakiyar kiɗa, yi shiru, saurari mai bes, jira ta ta zo. A gudun bugu 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 24 ne kacal, ba za ka daɗe kana jira ba.

Me ya sa kullum F da Bb, alhali masu gita sun fi son E da A?

Kayan kiɗan ne. Turamfet da babban saksofon na teno an ƙera su ne a kan Bb, don haka ki masu alamar b sun fi zauna musu a yatsa. Gita kuwa tana da tsirkiyoyin E da A da ake kaɗawa ba tare da dannawa ba. Mai gitar da ke son zama da 'yan jazz sai ya haƙura ya koyi F da Bb.

Akwai wasu nau'o'in bayan waɗannan?

Akwai blues na maina, mai duhun sauti. "Mr. P.C." na John Coltrane, wanda ya sa wa sunan mai bes ɗinsa Paul Chambers, misali ne a C maina: Cm7 gaɓa huɗu, Fm7 biyu, Cm7 biyu, sai Ab7, G7, a dawo Cm7. Akwai kuma salon Parker a "Blues for Alice" na 1951, inda kod ke canjawa kusan kowane bugu biyu har sabon shiga ya rantse ba blues ba ne. Amma ƙirga ka gani: a gaɓa ta 5, ga Bb7 nan a mazauninsa. Shawarata kada ka taɓa wannan sai jerin da ke sama ya zauna maka a ki uku ko huɗu.

Yaya mutum zai yi zagaye da yawa a kan kod iri ɗaya ba tare da ya gundiri jama'a ba?

A bikin jazz na Newport a 1956, Paul Gonsalves, mai saksofon a ƙungiyar Duke Ellington, ya yi zagaye 27 a jere a kan blues, jama'a suka tashi tsaye suna rawa. Idan ka saurari faifan ba za ka ji wasu sautuka na ban mamaki ba. Za ka ji gajerun jimloli da ake maimaitawa ana ɗan karkata su, da bugun da bai sassauta ba. Shi Ellington ɗin yana da "C Jam Blues" na 1942, wanda karin waƙarsa sauti biyu ne kawai, G da C.

Don haka koma ga tsarin baitin nan: faɗi jimla a layi na farko, maimaita ta a na biyu da gyaran da kod ya nema, amsa ta a na uku, kuma ka bar gurbin gaɓa ɗaya ko biyu bayan kowace. Ɗauki zagaye ɗaya na wani gwani, misali Louis Armstrong ko Lester Young, ka haddace shi da baki har ka iya rera shi ba tare da faifan ba, sannan ka neme shi a kan kayan kiɗanka. In ya zauna a F, mayar da shi Bb.