Rigakafin Matafiyi Zuwa Ƙasar Waje

Rigakafin matafiyi ya ƙunshi allurai da ɗigon baki da sauran shirin lafiya da ake yi wa mutum kafin ya tsallaka iyakar ƙasarsa. A karkarar Kano da Jigawa, mafi yawan masu wannan buƙata maniyyata ne na Hajji da Umara. Bayan su sai 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, da masu neman magani a Masar ko Indiya, da ɗalibai, da masu ziyarar Kaulaha a Senegal lokacin Mauludi. Wasu alluran tilas ne, domin ƙasar da za a shiga ba ta barin mutum ya wuce sai da shaidarsu. Wasu kuma likita ne ke zaɓa wa mutum gwargwadon shekarunsa da ciwon da yake fama da shi.

Ginshiƙin al'amarin shi ne lokaci. Jiki ba ya samun kariya ranar da aka yi allura, sai ya ɗauki kwanaki yana haɗa garkuwa, kuma jami'in da ke filin jirgi kwanan watan da ke jikin kati yake dubawa. Saboda haka daga ranar tashi ake ƙirgowa baya, kuma wata biyu kafin tafiya shi ne lokacin da ya dace a fara.

Cutar shawara da katin rawaya

Sauron da ke yaɗa cutar shawara da rana yake cizo, kuma alamunta kan bayyana cikin kwana 3 zuwa 6. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ke zaune a cikinsu. Ta sake ɓulla a 2017, kuma a 2019 ta yi ɓarna a yankin Alƙaleri na Jihar Bauchi. Shi ya sa Saudiyya da Indiya da Masar da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe da dama suke neman shaidar allurar daga duk wanda ya taso daga nan, in dai ya kai shekarun da suka ƙayyade. A Indiya, wanda ya sauka babu ingantacciyar shaida ana iya killace shi har kwana 6.

Allurar guda ɗaya ce, mililita 0.5 a damtse. Shaidarta ba ta fara aiki sai bayan kwana 10, amma daga nan ta zama ta har abada: tun 11 ga Yuli 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta soke sabuntawar da ake yi duk shekara goma. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, allurar da aka yi wa yaro yana ɗan wata 9 a asibitin ƙauye allura ce ta gaskiya, sai dai katin awon yara ba shi ake nunawa a filin jirgi ba. Wanda ake karɓa shi ne katin rawaya da ofishin lafiyar bakin iyaka na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke bayarwa, kuma akwai irin wannan ofishi a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Tun 2019 aka koma sabon kati mai lambar da ake tantancewa da na'ura. Ana yin rajista da biyan kuɗi ta intanet, sannan mutum ya je da kansa riƙe da rasit da fasfo. Kafin a baro ofishin a gwada sunan da lambar fasfon da ke kan katin da waɗanda ke cikin fasfo, harafi da harafi, a kuma tabbatar an rubuta lambar kwalbar maganin, an sa hannu, an buga hatimi.

Katin da dillali ya kawo wa mutum har gida ba tare da an tsira masa allura ba asara ce biyu: babu kariya, kuma ana iya kama shi. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta dawo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi kan zargin katunansu ba na gaskiya ba ne.

Ƙwayar da ke cikin wannan allura rayayyiya ce da aka raunana, don haka ba kowa ake yi wa ba. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, kamar mai shan maganin daji. Mai juna biyu da mai shayarwa da wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, sai likita ya auna tukuna. Idan ya ga bai kamata ba, takardar uzuri yake rubutawa. In kuma za a haɗa ta da allurar ƙyanda, to ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar mako 4 a tsakani.

Sanƙarau

Kano da Jigawa suna tsakiyar zirin da sanƙarau ke addaba, wanda ya miƙa daga Senegal har Habasha, kuma cutar ta fi tsanani daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Ita ma Saudiyya ta ɗanɗana: cutar ta ɓarke a Hajjin 1987, sannan nau'in W ya bazu tsakanin alhazai a 2000 da 2001, suka tafi da shi ƙasashensu. Daga nan ne aka wajabta allurar da ta haɗa nau'i huɗu, wato A da C da W da Y.

Nan ma kwana 10 kafin isa shi ne mafi ƙaranci. Tsohon samfurin allurar shekara 3 shaidarsa ke yi, sabon kuma shekara 5, don haka a nemi ma'aikaci ya rubuta sunan samfurin a kati. Dattijon da ya ce ai an yi masa ta sanƙarau a ƙofar gidan mai gari shekarun baya yana iya zama da gaskiya, amma gangamin da aka fara a 2011 na MenAfriVac ne, wanda nau'in A kaɗai yake karewa, kuma bai isar wa maniyyaci ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai nau'i biyar, Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Ko ita sai an rubuta ta a katin tafiya kafin ta zama hujja.

Shan inna da sauransu

An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka a watan Agustan 2020, amma wani nau'i da ya rikiɗe yana yawo har yanzu a Arewa. Babba yana iya ɗauke da shi a hanjinsa ba tare da ya sani ba. Saboda haka ake ba maniyyaci, komai tsufansa, ɗigo biyu a baki ko allura, tsakanin mako 4 da wata 12 kafin tafiya. Wannan ita ce ta fi kama masu jinkiri, tunda wata guda take buƙata. Allurar mura da ta korona sharuɗɗansu na sauyawa shekara zuwa shekara, sai a bi sanarwar Hukumar Alhazai ta Ƙasa da ta jiha a wurin bita. Ta ciwon hanta nau'in B kashi uku ce: yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6.

Sanyin magani

Allurar da ta sha zafi ruwa ce kawai. Ana ajiye waɗannan magunguna tsakanin digiri 2 da 8, abin da ke da wuya a garin da babu wuta sai firji mai aiki da hasken rana. A jikin kwalabe da yawa akwai ɗan tambari, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin na da kyau; da zarar launinsu ya zo ɗaya, ya lalace. Ta shawara gari ce da ake narkarwa da ruwanta na musamman, kuma bayan awa 6 da haɗawa zubarwa ake yi. Wannan ne dalilin da ma'aikata ke tara mutane kafin su fasa kwalba, ba wulaƙanci ba ne. Bayan allura a zauna kamar minti 15 zuwa 30. Ciwon damtse da ɗan zazzaɓi ba abin tsoro ba ne. Kumburin fuska ko sarƙewar numfashi kuwa na gaggawa ne.

Masu ciwon da ake rayuwa da shi

Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ko sikila ya ga likita da wuri, ya ɗebi maganin da zai ishe shi har dawowa da ƙarin na mako biyu, domin jirgin dawowa kan yi jinkiri. A bar kowane magani cikin kwalinsa tare da takardar likita, kada a juye ƙwayoyi cikin leda ɗaya. Insulin a jakar hannu ake sa shi, saboda a ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarewa ya lalace. Tramadol da kodin suna iya kai mutum kurkuku a Saudiyya da Dubai, kuma hukumomin alhazai suna hana tafiya da goro. Saƙon maganin da wani ya ba da a kai wa ɗan'uwansa, kada a karɓa. Hukumar alhazai ba ta barin mai juna biyu ta tafi Hajji, shi ya sa ake gwaji kafin tashi.

Bayan an sauka

Zafi ya fi kowace ƙwayar cuta kashe alhazai a shekarun nan. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 suka rasu. Manomin Gumel ko Ɗambatta ya saba da rana, amma bai saba da doguwar tafiya kan kwalta cikin cunkoso da kai a buɗe ba. Lema da yawan shan ruwa da guje wa jifa da tsakar rana su ne kariya. Idan gudawa ta kama mutum, a narka fakiti ɗaya na gishiri da sukari cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu fakitin, a narka ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ɗin, a zubar da ragowar bayan awa 24. Mai ciwon suga kada ya taka ƙasa ba takalmi, domin tafinsa na iya ƙonewa bai ji ba.

Aski a je wurin masu lasisi da ke sa sabuwar reza ga kowane kai, saboda ciwon hanta ta jini yake bi. A nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu, domin cutar numfashi ta MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, daga gare su take tsallakowa. Wanda zazzaɓi ya kama a ƙasar da ba ta da cizon sauro ya gaya wa likita daga Najeriya yake, a yi masa gwajin maleriya, don likitan can ba lallai ya kawo ta a ransa ba. Haka wanda ya dawo gida da zazzaɓi da tari da wahalar numfashi cikin mako 2, ko da sanƙarewar wuya, ya tafi babban asibiti ya faɗi ƙasar da ya fito da ranar da ya sauka.