Sunayen mata na Asiya masu farawa da O: daga ina suka fito, me suke nufi?

Iyaye da yawa kan shiga intanet kafin ranar suna, suna neman wa jaririya sunan da ba a cika ji ba. Sai su tarar da jeri mai tsawo: Oyun, Oviya, Oanh, Oygul, duk a layi ɗaya kamar 'yan ɗaki guda. Alhali kowanne da ƙasarsa, da addinin mutanensa, da dalilin da ya sa ake raɗa shi.

Me ya haɗa waɗannan sunaye, in ban da harafin farko?

Kusan babu komai. Nahiyar Asiya ta ɗauki fiye da rabin mutanen duniya, kuma akasarinsu ba da haruffan boko suke rubuta sunayensu ba. Mutanen Mongoliya da haruffan Rasha suke rubutu, Koriya da Tailan da Japan kowace da nata, Indiya kuwa rubuce-rubucenta sun fi goma. Sau da yawa O ɗin yana shigowa ne lokacin da aka mayar da sunan boko saboda fasfo ko takardar makaranta.

Larabci ya ishe mu misali. Ba shi da harafin O. Wadda aka rubuta wa Omaima a fasfonta, Umaima ce wadda muka sani, rufu'a ce a kan harafin farko. Haka Ola, asalinsa Ula. A Sin kuma, gaɓoɓin da ke farawa da O a tsarin rubutunsu na boko ba su wuce "o" da "ou" ba, shi ya sa da wuya a ga sunan yarinya mai farawa da shi a can.

Akwai waɗanda mu ma muke da su?

Akwai, kuma Uzbekistan ce wurin dubawa. Harshensu ya daɗe yana cuɗanya da Farisanci, har doguwar "a" ta kalmomin Larabci da Farisanci ta karkata zuwa "o", kuma haka suke rubuta ta. Don haka A'isha ta zama Oysha ko Oisha, Amina ta zama Omina, Asiya ta zama Osiyo. Haka abin yake a Tajikistan. Wanda ya ɗauko Omina daga jeri yana ganin ya samo sabon abu, sunan mahaifiyar Manzon Allah (SAW) ya ɗauko da lafazin mutanen Samarkand da Bukhara. Daga Farisanci kuma suna da Orzu, wato buri, da Ozoda, mai tsafta.

Sai kuma nasu na gado. "Oy" a harshensu shi ne wata, kuma da shi suke kwatanta kyan mace. Daga nan aka sami Oygul, furen wata, da Oydin, hasken farin wata, da Oybarchin, jarumar tsohon labarinsu na baka mai suna Alpomish.

Akwai wani suna da ba na iya wuce shi ban tsaya ba: O'g'iloy. "O'g'il" shi ne ɗa namiji. Ana raɗa shi a gidan da aka yi ta haihuwar mata, da fatan mai bi mata ya zo namiji. Maƙwabtansu Kazakistan suna da Ulbolsyn, ma'ana "ya zama namiji". Mu ma muna da laƙabin da ke bin jerin haihuwa, irin su Tanko da Delu, amma waɗannan labarin abin da ya riga ya faru suke bayarwa. O'g'iloy kuwa kullum aka kira ta ana tuna mata cewa wani ake jira sai ita ta zo. Nauyi ne babba a ɗora wa yarinya, kuma jerin sunayen intanet ba ya gaya wa kowa wannan.

Mongoliya fa? Sunayensu na da tsawo ƙwarai.

Tsawon ya zo ne daga haɗa kalmomi biyu. A masu farawa da O, uku ne suka fi fitowa a farko: "oyun", hankali da basira, "od", tauraro, da "otgon", wato auta. Sai a liƙa "tsetseg", fure, ko "gerel", haske, ko "chimeg", ado. Da wannan kaɗai mutum zai iya warware Odgerel, hasken tauraro, da Oyunchimeg, adon basira, da Otgontsetseg, furen auta. A gida ba a kiran sunan duka, gutsure shi ake yi.

Matan da suka ɗaukaka waɗannan sunaye sanannu ne. Sanjaasurengiin Oyun masaniyar duwatsu da ma'adinai ce da ta yi digirin digirgir a Cambridge. Ta shiga siyasa bayan kisan yayanta Zorig a 1998, ta riƙe ministar harkokin waje daga 2007 zuwa 2008, sannan a 2014 ta zama shugabar farko ta babban taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi. Otgontsetseg Galbadrakh kuma 'yar kokawar judo ce haifaffiyar Mongoliya, wadda ta ciyo wa Kazakistan lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016. A lura cewa Sanjaasurengiin sunan uba ne, shi suke sa wa a gaba. Sunanta na yanka shi ne Oyun.

Oharu da Okiku da ake gani a jerin Japan, har yanzu ana sa su?

Da wuya, kuma ma O ɗin ba ya cikin sunan. Ɗafi ne na girmamawa da ake sa wa a gaban gajerun sunayen mata, musamman a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Yarinyar sunanta Haru, wato lokacin tohon furanni, sai a kira ta Oharu. Haka Oichi, ƙanwar sarkin yaƙi Oda Nobunaga da ta rasu a 1583, haka Okuni, matar da ta fara wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki a Kyoto wajen 1603. Daga baya sunaye masu ƙarewa da "ko" suka mamaye ƙarni na 20. Yau wadda aka raɗa wa Oharu, kunnen mutumin Japan zai ji kamar daga littafin tarihi ta fito. Na zamani da O ke cikinsu da gaske su ne irin Otoha, daga "oto", sauti.

Wannan ɗafin na nan a sunan bikinsu, oshichiya, daren bakwai da haihuwa, lokacin da ake rubuta sunan jariri a takarda a nuna wa dangi. Sun yi daidai da mu a kwana bakwai. Doka kuma ta ba iyaye kwana 14 su yi rajista.

Koriya ma tana da tsoffin sunaye: Ok-sun, Ok-hee, Ok-ja, daga "ok", wani koren dutse mai daraja. Sunayen kakanni ne yanzu, kuma "ja" ɗin ƙarshe ya yaɗu ne a zamanin mulkin mallakar Japan, 1910 zuwa 1945.

Osaka da Ono da Oh sunayen mata ne?

A'a, sunayen dangi ne. A Japan da Koriya da Sin sunan dangi ke zuwa farko, shi ke ruɗa masu haɗa jeri. 'Yar wasan tanis Naomi Osaka, Naomi ne sunanta. Ouyang na Sin ma sunan dangi ne.

Me ya sa wasu iyayen Indiya ke neman O takamaimai?

Nan ne kaɗai harafin ke da dalili na gaske. Mabiya addinin Hindu da yawa kan duba inda wata yake a cikin taurari 27 lokacin haihuwa. Kowane tauraro an raba shi kashi 4, kowane kashi da gaɓar da sunan zai fara da ita. Wadda aka haifa a kashin farko na tauraron Rohini, gaɓarta O ce. Sai iyaye su nemi irin su Ojasvi, mai kuzari da ƙwarjini, ko Oviya, daga kalmar zane a harshen Tamil. Ana raɗin ne galibi a kwana na 11 ko na 12.

A yankin Bengal na Indiya da Bangladesh kuma lafazi ne ya kawo shi: gajeriyar "a" a bakinsu "o" ce, don haka Ananya ta zama Ononna, Aditi ta zama Oditi.

To zan iya ɗaukar ɗaya in sa wa 'yata?

Ana iya yi, amma bayan bincike. Wasu sunayen ibada ce tsantsa a wurin masu su. Sunan Hindu da ya fara da Om, kamar Omisha, yana ɗauke da sautin da Hindu ke tsarkakewa. Oindrila kuma yana komawa ga matar Indra, ɗaya daga abubuwan bautarsu. Musulmi ko Kirista da ya sa wa 'yarsa irin wannan bai kyauta mata ba, bai kuma kyauta wa masu sunan ba. A Musulunci ma'anar suna ba abin wasa ba ce: ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya sauya sunan 'yar Sayyidina Umar, wanda ke nufin mai saɓo, zuwa Jamila.

Wasu kuma ma'anarsu fes take. Oya a Turkiyya saƙar allura ce da mata ke yi a bakin ɗankwali. Oktaviani a Indunisiya galibi wadda aka haifa a Oktoba ce. Abin da ya rage shi ne a ji yadda masu sunan ke furta shi. Özlem da Özge na Turkiyya da wani harafi daban suke farawa, wanda babu sautinsa a Hausa. Orn na Tailan ba a furta "r" ɗinsa. Oanh na Biyetnam, sunan wani tsuntsu mai daɗin kuka, wanda 'yar tsere Nguyen Thi Oanh ta ciyo zinare 4 da shi a wasannin Kudu maso Gabashin Asiya na 2023 a Kambodiya, da sautin "wa" yake farawa. A gwada sunan a bakin kakar yarinyar kafin a yanka rago, domin ita da ƙawayenta ne za su fi kowa kiran sa.