Fesa Iskar Naitiros a Injin Motar da Ta Ci Hanya

Naitiros, wadda masana sinadarai ke rubutawa da alamar N2O, iska ce marar launi da ake fesa wa injin mai shan fetur domin ya ba da ƙarin ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi. Ita kanta ba ta cin wuta. Aikinta shi ne shigar da ƙarin oksijin cikin silinda, domin kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali na iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 ne. Idan zafin cikin silinda ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Selsiyos, sai ta wargaje ta saki oksijin ɗin, injin ya samu damar ƙona fetur fiye da yadda ya saba. Saboda haka daga fetur ƙarfin yake fitowa, kuma a nan duk haɗarin yake. Ana adana ta ne a ruwa-ruwa cikin tukunyar gas, tana fita ta koma iska mai tsananin sanyi, abin da ke sa iskar da injin ke zuƙa ta ƙara kauri.

Joseph Priestley ne ya gano ta a Ingila a 1772, daga baya likitoci suka riƙa amfani da ita wajen kashe zafin ciwo. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun sa ta a jiragen yaƙinsu ta hanyar tsarin GM-1, don injin kada ya yi rauni a can sama inda iska ta yi ƙaranci. Masu tseren mota na gajeren zango a Amurka ne suka yaɗa ta, musamman bayan kafa kamfanin NOS mai ƙera kayan fesa naitiros a 1978.

Tsufan injin da lafiyarsa

Yawan kilomita da ke kan allon mota ba shi ne ma'auni ba. Injin da ya yi kilomita 250,000 ana canza masa baƙin mai a kan kari zai iya ɗaukar ɗan ƙarin ƙarfi fiye da wanda bai kai rabin haka ba amma ya taɓa yin zafi har ya lanƙwasa kan silinda. Naitiros ba ta gyara komai. Duk inda akwai rauni, can za ta fara taɓawa.

Don haka aikin farko na makaniki shi ne auna matsin kowace silinda. Abin da aka saba bi shi ne kada bambanci tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Sai gwajin yoyo, inda ake hura iska cikin silinda a saurari inda take fita: in ta salansa ne, bawul ya ci, in ta bakin zuba baƙin mai ne, zobban fistan sun gaji, in kuwa ruwan lagireto ya yi kumfa, gasket ya tafi. Injin da ke shan mai, ko yake fitar da shuɗin hayaƙi, ko matsin mansa ke faɗuwa idan ya ɗau zafi, gyara yake buƙata tukuna.

Akwai abu ɗaya da tsufa ke taimakawa. Zafin naitiros yana sa zoben fistan ya buɗe, kuma idan bakinsa biyu suka haɗu sai ya fasa gefen fistan ɗin. Zoben da ya ɗan ci yana da gibi mai faɗi, don haka wannan matsalar ta fi sauƙi gare shi. Amma tsufa na zuwa da nasa sharrin: dattin gawayi da ya taru a kan fistan yana ƙara matsi, yana kuma riƙe zafi har ya kunna fetur kafin fulogi ya ba da wuta.

Fetur da wuta

Yawancin injinan da naitiros ta lalata, ƙarancin fetur ne ya kashe su. Oksijin ya yi yawa, fetur bai isa ba, zafi ya haura har fistan ya narke ko ya huje, kuma hakan na iya faruwa cikin daƙiƙa biyu ko uku. A tsohuwar mota, famfon fetur da ya raunana, matatar da ta toshe, da nozul (bakunan da ke fesa fetur cikin injin) masu datti su ne abin tsoro, domin a tafiyar yau da kullum ba sa nuna gazawarsu. Canza su ya fi sayen sabon injin arha nesa ba kusa ba, kuma ya kamata a haɗa da makunnin da ke yanke naitiros da zarar matsin fetur ya sauka.

Tsari iri biyu aka fi sani. A busasshen tsari naitiros kaɗai ake fesawa, a bar wa nozul ɗin motar da kwamfutarta nauyin ƙara fetur. A jiƙaƙƙen tsari ana fesa naitiros da fetur tare ta baki ɗaya. Ga injin da ya kwana biyu na biyun ya fi kwanciyar hankali, tunda ba ya ɗora kaya a kan tsofaffin nozul, ko da yake idan aka kunna shi injin yana juyi a hankali fetur na iya taruwa a bututun shigar iska ya fashe.

Cakuɗen naitiros ya fi saurin ƙonewa, don haka ake jan taimin baya, wato a jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, bisa al'ada digiri 2 ga kowane ƙarin ƙarfin doki 50. Ana sa fulogi mai saurin fitar da zafi a kuma rage gibinsa, a sha fetur mai okten mai yawa, wato wanda ba ya saurin kamawa da kansa saboda matsi. Ba a kunna ta sai an take totur har ƙasa kuma juyin injin ya haura wajen 3,000 a minti, a kashe ta kafin a kai inda kwamfuta ke yanke fetur. Fesawa ɗaya ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15. Ga injin mai silinda huɗu da ba a sauya masa kayan ciki ba, ƙarin ƙarfin doki 35 zuwa 50 ya isa farawa, kuma bayan kowane gwaji a ciro fulogi a duba. Tsohon kulaci da akwatin giya su ma sukan fara zamewa saboda ƙarin ƙarfin.

Tukunyar gas

An fi son matsin tukunya ya tsaya wajen 900 zuwa 950 a ma'aunin psi. Idan zafinta ya wuce digiri 36, naitiros ba ta iya zama a ruwa-ruwa, matsin ya hau, lissafin fetur ya rikice. Wannan ya shafi duk motar da ke tsayawa a rana a wurare irin su Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, inda zafin but ɗin mota ke zarce haka ƙwarai. Ana ɗaure tukunyar da ƙarfe a jikin mota, a ja bututu daga bawul ɗin kariya zuwa waje, kuma ba a taɓa ɗumama ta da wuta. Irin wadda ake sayarwa don mota ana zuba mata ɗan sinadarin farar wuta mai wari don hana mutane shaƙa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a wurare da dama filin tsere kaɗai aka yarda a yi amfani da ita, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biyan diyya idan ba a sanar da shi an sa ta ba.