Waiwaye: Jinginar layin dogon Northern Pacific da masu bin sa bashi

Yawancin layukan dogon Amurka na ƙarni na 19 da bashi aka shimfiɗa su. Kamfani kan sayar da takardun lamuni, ya jinginar da layi da tashoshi da filaye a hannun amintaccen da ke wakiltar masu takardun. A rubuce, haƙƙinsu a fili yake: in aka kasa biyan kuɗin ruwa, a yi gwanjon kadarar a biya su. To amma wa zai sayi guntun dogo a dokar daji?

Shi ya sa da Northern Pacific ya durƙushe a rikicin tattalin arzikin 1893, ba a wargaza shi ba. Kotu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, jirage suka ci gaba da zirga-zirga. Tun 1879, a shari'ar Fosdick da Schall, Kotun Ƙoli ta amince a iya biyan bashin gudanar da layi na baya-bayan nan kafin masu jingina. Mai takardar lamuni kuwa zaɓi biyu gare shi: ya miƙa ta ga kwamitin masu bin bashi ya karɓi sabuwa, sau da yawa mai ƙarancin ruwa, ko ya haƙura da ɗan kasonsa daga kuɗin gwanjon, wanda galibi kwamitin ne kaɗai ke tayawa.

A 1896 bankin J.P. Morgan ya sake fasalin kamfanin. Tsofaffin masu hannun jari suka zuba ƙarin kuɗi suka tsira da kaso, aka bar masu bin bashi marasa jingina hannu rabbana. Wani daga cikinsu mai suna Boyd ya kai ƙara, a 1913 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya: mai hannun jari ba zai sha gaban mai bin bashi ba.

Sabbin takardun lamunin da aka fitar a 1896 ɗin kuwa sun daɗe suna cizo. Wasu wa'adinsu 1997, wasu sai 2047, ruwansu kashi 4 da kashi 3 cikin ɗari, kuma ba a sa sharaɗin fansa kafin wa'adi ba. Da Burlington Northern, wanda ya gaji layin a 1970, ya so kwance filaye masu katako da ma'adinai daga jinginar a shekarun 1980, ya yi tayin ajiye takardun lamunin gwamnati a madadinsu. Masu takardun suka garzaya kotu aka dakatar da shirin. Sai da kamfanin ya biya su ƙarin kuɗi a sulhu kafin filayen su fita daga jingina.