Me ya sa Masako ta zubar da maganin ƙaninta? Tambayoyi kan ƙarshen Kamakura-dono

Wai wane fim ne ma ake ta magana a kansa?

Fim ne mai dogon zango na tashar NHK ta Japan, sunansa Kamakura-dono no 13-nin, wato mutum 13 na ubangijin Kamakura, an nuna shi a 2022. Irin waɗannan finafinan na tarihi su Japanawa taiga suke ce musu, tun 1963 NHK take yin su, duk shekara sabon labari, ana haska shi ranar Lahadi ƙarfe 8 na dare tun daga Janairu har Disamba. Wannan shi ne na 61, Koki Mitani ne ya rubuta, kashi 48 ne gaba ɗaya, na ƙarshen ya fita ranar 18 ga Disamba 2022. In baka kalla ba kuma kana da niyya to ka dakata anan, don zan faɗi ƙarshen duka.

Su waye Masako da Yoshitoki ɗin?

Ya da ƙani ne ƴan gidan Hojo, kuma mutane ne da suka rayu da gaske. Masako ita ce matar Minamoto no Yoritomo wanda ya kafa mulkin soja a Kamakura, da ya rasu a 1199 ta aske kai ta shiga zuhudu irin na addinin Buddha amma bata saki harkar mulki ba. Yoshitoki ƙaninta ne, Shun Oguri ya fito a matsayinsa, ita kuma Eiko Koike. A farkon fim ɗin yaro ne mai kunya ɗan ƙauye a yankin Izu wanda ba abinda ya fi so irin ya zauna yana lissafin shinkafar rumbu, a ƙarshe kuwa ya zama shikken, kamar waziri ne amma shi ke juya ƙasar, har kayan jikinsa sun koma baƙaƙe, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka faro tafiyar tare da shi akwai hannunsa a mutuwarsu.

To me ya faru a zaman nasu na ƙarshe?

Bayan yaƙin Jokyu na 1221 ne, Kamakura ta ci sarki mai murabus Go-Toba da yaƙi an kora shi tsibirin Oki. Yoshitoki yana fama da jiki saboda matarsa Noe ta daɗe tana zuba masa guba, likita ya bar masa magani yace in ciwon ya motsa ya sha. Masako ta zo suna zaune su biyu suna hira ta tsofaffi, sai ya fara lissafo mutanen da suka mutu tun bayan Yoritomo, ɗaya bayan ɗaya har suka kai 13, ashe a cikin sunayen ya sako Yoriie, ɗanta na cikinta wanda ya gaji Yoritomo. Ita kuwa shekara ashirin kenan abinda aka faɗa mata shi ne ciwo ne ya kashe shi a Shuzenji da ke yankin Izu. Sai ta tsayar da shi ta tambaya me ya kawo sunan Yoriie cikin waɗannan.

Wallahi wurin nan ne numfashi ke ɗaukewa, don bata yi ihu ba bata zage shi ba, abinda ta nuna masa shi ne dama zuciyarta ta daɗe tana raya mata, tsoron tambaya ne ya hana ta. Ana cikin haka ciwon ya taso, ya roƙe ta ta miƙo masa maganin, ta ɗauko, yana hannunta, sai ya ce mata shi fa bai gama aiki ba, akwai ƙaramin yaron nan jikan Go-Toba da aka sauke daga sarauta, dole a kawar da shi kafin wasu su taru a bayansa, shi zai ɗauki duk zunubin ya tafi da shi wuta don ɗansa Yasutoki ya yi mulki hannunsa a wanke. Nan ta juye maganin a ƙasa. Ya rarrafo zai lashe daga dandaɓe, ta sa hannun rigarta ta goge. Ta zauna a gefensa har ya cika, ta yi masa sannu da aiki da sunansa na gida Koshiro, allo ya yi baƙi kana jin kukanta kawai.

Yaya masu kallo suka ɗauki abin?

Dama fim ɗin duk daren Lahadi sunansa yana hawa saman abubuwan da aka fi tattaunawa a Twitter, sau da yawa har a matakin duniya ba Japan kaɗai ba, to daren ƙarshe abin ya fi na kullum. Abu na farko da ya girgiza mutane shi ne lambar 13 ɗin. Shekara guda kowa ya ɗauka majalisar manya 13 da aka kafa a 1199 don su riƙe Yoriie ake nufi, kwatsam a mintunan ƙarshe sai ga wata 13 ɗin, ta gawarwaki. Na biyu kuma yadda aka rufe ba wani kiɗan jarumta ba bayanin mai ba da labari, ba a barka ka huce ba. Kuma abin ya ƙara nauyi ne don an buɗe kashin da raha, Jun Matsumoto ya leƙo a matsayin Tokugawa Ieyasu, jarumin taiga ɗin 2023, yana karanta tarihin Kamakura, mutane suna dariya basu san inda za a kai su ba.

Ramuwar ɗanta ta yi ko ceton ƙaninta? Nan ne fa ake ta musu

Eh nan ne aka rabu. Masu cewa ramuwa ce hujjarsu a fili take, matar nan ƴaƴa huɗu ta haifa duka ta binne su, Ohime, Sanman, Yoriie, sannan Sanetomo da aka sare a wurin bautar Tsurugaoka Hachiman a 1219, kuma ɗan Yoriie ne ya sare shi, wato jikanta ya kashe ɗanta, to uwar da ta ga wannan yanzu ta ji daga bakin ƙaninta cewa shi ya sa aka kashe mata ɗa, me ake tsammani.

Ni dai ban tsaya nan ba, kuma dalilina tsarin yadda abin ya gudana ne. Bayan ta ji maganar Yoriie ai ta tashi ta ɗauko maganin, da ramuwa ce zalla da tun a lokacin zata ƙi motsawa. Bata zubar ba sai da ya ambaci yaron, yaro da bai wuce shekara shida ba wanda ko wata uku bai cika a kan karaga ba. Kuma kar a manta sati ɗaya kafin nan, a kashi na 47, ita ce ta ceci ransa, lokacin da Go-Toba ya ba da umarnin a kawo kan Yoshitoki shi kuma ya yanke zai miƙa kansa, ita ta tsaya gaban mayaƙa ta yi jawabin da ya tashe su yaƙi. Macen da ta jefa Kamakura gaba ɗaya cikin haɗari don ƙaninta ba ƙiyayya ce kaɗai zata sa ta zuba masa ido ya mutu ba. Ta ga cewa muddin yana numfashi ba zai daina ba, kullum akwai mutum ɗaya da ya rage a kashe, kuma duk Kamakura babu mai iya ce masa ya isa sai yayarsa. Amma fa ba zan ce Yoriie baya cikin hannun da ya goge maganin nan ba, yana ciki, Eiko Koike ta bar ciwon uwar a fuskarta har ƙarshe, shi yasa duk ɓangaren da ka ɗauka in ka sake kallo sai ka ga hujjar ɗayan.

Shi Yoshitoki mutane sun tausaya masa kuwa bayan duk jinin da ya zubar?

Sosai ma, kuma abin ya ba wasu mamaki a kansu. Watanni ana jin haushinsa, amma da aka ga mutumin da ya kori sarki yana jan ciki a ƙasa yana neman ɗigon magani da harshe sai yaron Izu ɗin nan ya dawo wa mutane a rai. Amfanin zama da mutum shekara guda kenan, ka san shi tun kafin ya lalace, ka ga ranar da aka tilasta masa yin shiru ana kashe Kazusa Hirotsune, wani babban jarumi da ya mara wa Yoritomo baya, a gabansa a kashi na 15, ka san daga ina abin ya faro.

A tarihi haka aka yi da gaske?

A'a, zaman nan na maganin ƙirƙirar Mitani ne. Yoshitoki ya rasu a 1224, kuma littafin Azuma Kagami, tarihin da gwamnatin Kamakura ta tattara, rashin lafiya ya ambata. Maganar guba kuma tana da tushe, a kundin Meigetsuki na mawaƙi Fujiwara no Teika an rubuta cewa wani malamin Buddha mai suna Soncho da aka kama a 1227 ya ce a kashe shi da irin gubar da matar Yoshitoki ta ba mijinta, daga nan aka samo Noe da gubarta. Kisan Yoriie a Shuzenji a 1204 shi ma ya faru, kuma gidan Hojo ake ɗora wa. Yaron da aka sauke, wanda daga baya aka sa wa suna Chukyo, ba a kashe shi ba. Yasutoki ya gaji mahaifinsa, a 1232 ya fitar da kundin doka mai sashe 51 da ake kira Goseibai Shikimoku. Masako kuwa bata daɗe ba, a 1225 ta bi ƙaninta, shekara ɗaya tsakani.