Koyar da Turancin Kwamfuta a Jami'a

Turancin kwamfuta darasi ne da ake bai wa ɗaliban jami'a masu karanta kimiyyar kwamfuta, ƙirar manhaja ko fasahar sadarwa, musamman a ƙasashen da ba a tashi da Turanci a gida ba. Reshe ne na koyar da Turanci don wata buƙata ta musamman, fannin da masana ke taƙaita sunansa da ESP. Ana son ɗalibi ya iya karanta bayanan manhaja, ya gane saƙon kuskure idan ya fito a allo, ya rubuta rahoto, ya kuma yi wa abokan aiki bayani da baki.

Asali

Fannin ESP ya kankama ne a shekarun 1960, bayan Turanci ya zama harshen kimiyya da kasuwancin duniya. A 1978 John Munby ya fitar da tsari na tantance buƙatun mai koyo, sannan a 1987 Tom Hutchinson da Alan Waters suka ƙarfafa ra'ayin cewa sai an san abin da mutum zai yi da harshen kafin a tsara masa darasi.

A fagen kwamfuta kuwa, tarihi ne ya ɗora Turanci a gaba. Harsunan shirya manhaja irin su FORTRAN na 1957, COBOL na 1959 da C na 1972 duk a Amurka aka ƙirƙiro su. Tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfuta ke wakiltar haruffa da shi, alamomi 128 kawai ya ƙunsa, babu harafin Larabci ko na Sinanci a ciki, sai da tsarin Unicode, mai ɗaukar haruffan harsuna da yawa, ya zo a 1991 aka soma cike giɓin sosai. Hatta Guido van Rossum ɗan Holan, wanda ya fitar da harshen manhaja na Python a 1991, da Yukihiro Matsumoto ɗan Japan, mai harshen Ruby na 1995, kalmomin Turanci suka ɗauka.

Abin da ake koyarwa

Kalmomin umarni na harsunan manhaja ba su da yawa. Harshen C na ƙa'idar 1989 guda 32 ne gare shi, ɗalibi na iya haddace su a mako guda. Nauyin yana cikin rubutun da ke kewaye da manhajar: littattafan jagora, takardun ƙa'idoji, sharuɗɗan lasisi da maƙalun bincike.

Kalmomin da suka fi wahalar da ɗalibai su ne na yau da kullum da aka sauya musu ma'ana. Wanda ya san thread a matsayin zare, bug ƙwaro, port tashar jiragen ruwa, zai ɗauka ya fahimci jimla alhali ya saki hanya tun farko, domin a kwamfuta ma'anarsu daban ce (bug, alal misali, kuskure ne a manhaja). Baƙuwar kalma takan tura mutum ga ƙamus. Sananniya ba ta yin haka, shi ya sa ta fi haɗari. Akwai kuma jerin sunaye uku ko huɗu da ake jerowa ba mahaɗi, inda dole a fara warwarewa daga na ƙarshe a dawo baya.

Wani misali da ya kamata kowane malami ya kawo a aji shi ne takardar RFC 2119 ta 1997, wadda Scott Bradner ya rubuta. Ta fayyace yadda za a fahimci MUST da SHOULD da MAY a ƙa'idojin intanet: ta farko wajibi, ta biyu abin da ake so a yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili a bari, ta uku zaɓi. Injiniyan da ya gauraya su zai iya gina manhajar da ba za ta yi aiki da sauran ba. A nan nahawu ya zama ɓangare na aikin injiniya kai tsaye.

A rubutu, ana horar da ɗalibi ya kai rahoton matsala a tsare: me ya yi, me ya sa ran gani, me ya faru. Magana da sauraro sukan ta'allaƙa ga gabatar da aiki da hirar neman aiki.

Hanyoyi da ƙalubale

Babbar matsala ita ce malamin harshe sau da yawa bai kai ɗalibansa sanin kwamfuta ba. Wasu jami'o'i suna haɗa shi da malamin fannin su koyar tare, kuma wannan ya fi dacewa duk da tsadarsa. Littattafan darasi da maɗaba'un Oxford da Cambridge suka wallafa sun taimaka ƙwarai, sai dai fasaha ta fi littafi sauri, don haka malamai da dama sun koma ɗauko ainihin bayanan manhajojin da ake amfani da su a lokacin. Ana yawan auna ƙwarewar ɗalibai da ma'aunin harsuna na Majalisar Turai (Council of Europe) na 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da masu matakai uku daban-daban a aji ɗaya.

Manhajojin fassara sun sauƙaƙa karatu, amma sukan fassara kalmar umarni da bai kamata a taɓa ba, ko su ba kalmar fasaha ma'anarta ta kasuwa. Saboda haka wasu malamai sukan ba ɗalibai fassarar na'ura tare da asalin rubutun, su nemi su gano inda ta kauce.